Kofuna Shida a Gaban Baba

Shekarun baya, lokacin ina sashen gona na ƙaramar hukuma a nan Gumel, aka tura ni kwas na wata tara ƙasar Ireland, kan yadda ake adana hatsi kada ƙwari da danshi su ɓata shi. Kada wani ya ɗauka na fi kowa ƙwazo ne a ofis. Wanda aka fara zaɓa fasfonsa ya ƙare, ni kuma nawa na nan da sauran rai tun na Umara, shi ke nan aka sa sunana. Mahaifiyata a Ɗanzomo har yau cewa take na je Ingila, na gaji da gyara mata na ƙyale.

Ɗan ƙaramin gari aka kai mu, ruwan sama safe da yamma, tituna fes, kowa ya rufe ƙofarsa. Sanyin da aka yi ta tsorata ni da shi bai dame ni ba sosai, riguna uku na magance shi. Shirun ne ya kusa kashe ni. Ni da daga gida zuwa sakatariya sai na gaisa da mutum talatin, har maigidana a ofis ya daina tambayar dalilin makarata, sai ga ni a inda za ka yi wa mutum sallama ya yi maka ɗan murmushi ya ƙara sauri. Abokan karatuna yara ne, ana tashi daga aji sai mashaya, ni kuma sai ɗaki. Masallaci sai na hau mota biyu, don haka Juma'a kawai nake zuwa. Wata rana na zauna na ƙirga kalmomin da suka fita daga bakina tun safe, ban da na sallah, ba su kai ashirin ba, kuma rabinsu da mai kanti na yi su.

Akwai ranar da abokina ya kira ni ta bidiyo daga majalisarmu ta ƙofar gidansu. Aka zagaya da wayar kowa ya ce “Bature, ya sanyi?”, sannan wani ya ajiye ta a kan benci ya manta bai kashe ba. Ina kallon ganyen darbejiya da ɗan ɓangaren sama, ina jin su suna musu a kan farashin riɗi a Maigatari. Minti ashirin na yi a haka ban kashe ba. Ban taɓa gaya musu ba sai yau da za su karanta.

A gidan da ke manne da wanda nake haya akwai wani dattijo, dogo, ya ɗan ranƙwafa, kullum da safe yana tsaye a ƙofa da kofin shayi. Ni dai ban iya wuce babba ban gaishe shi ba, don haka kullum sai na tsaya na jero masa gaisuwa irin tamu da Turancina na sakatariya: ya ya kwana, ya gajiya, ya sanyi, ya mutanen gida. Sati biyu yana ɗaga min kofi kawai. Rannan sai ya ce, “Saurayi, tsaya. Me ya sa kullum kake tambaya ta gajiya? Na yi maka kama da wanda zai faɗi ne?”

Na ce a'a, a garinmu haka ake yi, ko mutum daga barci ya tashi sai an tambaye shi gajiya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce mutanen gida kuma da nake tambaya babu su, matarsa ta rasu, ’yarsa ɗaya tana babban birni, amma in ina so in ga gidan da idona in shigo ƙarfe huɗu a sha shayi.

Daga ranar kusan kullum ƙarfe huɗu ina kicin ɗinsa. Na ce masa Baba zan riƙa kiransa, don bakina ba zai iya kama sunan sa'an mahaifina gatsal ba. Shi kuma saurayi yake ce min, ni da ’ya’ya huɗu da furfura a gemu, kuma ban taɓa hana shi ba. Shayinsa baƙi ƙirin, sukarin da yake sawa ko jariri ba zai ji ba, har na koma zuwa da nawa a aljihu. Idan lokacin sallah ya yi sai ya kashe rediyo da kansa ya nuna min falo. Ba na jin kunyar faɗa, wannan awa ɗaya ita ce ta riƙe ni a ƙasar nan. Tun daga aji nake tara abin da zan ba shi labari, kuma babban tsorona shi ne in yi wani abu da zai sa ƙofar nan ta rufe.

A hirarmu na san cewa shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wata masana'antar wiski, a wani gari mai tafiyar awa guda. Wiski dai giya ce mai ƙarfi da suke yi da sha'ir, kuma suna alfahari da ita kamar yadda muke yi da riɗinmu. Wata Laraba yana zuba min shayi, bai kalle ni ba, ya ce, “Ran Asabar ina so in je in ga tsohon wurin aikina. Yanzu suna zagayawa da baƙi. Shekara goma sha huɗu rabona da taka wurin. Kai nake so ka raka ni, ba wani ba.”

Kafin in yi magana ya ƙara da cewa, “Ka ce ba ka sha, ko? Ko ɗigo?”

Na ce ko ɗigo, Baba.

Ya ce, “Madalla. To na sayi tikiti biyu.”

Masu shirin cika min wajen sharhi da wa'azi, ku huta, malamina ya riga ku, kuma bai rage min komai ba. Na san bai kamata in je ba. Na yi ta gaya wa kaina ai ilimin hatsi ne, ai kallo kawai zan yi. Gaskiyar ita ce dattijo ya roƙe ni abu karo na farko, kara ta hana ni cewa a'a, tsoron komawa ɗakin nan ni kaɗai kuma ya ƙarasa sauran.

Abu ɗaya ne ban sani ba a lokacin, kuma gara in faɗa muku shi tun yanzu. Shekara goma sha huɗun nan da ya ambata, ba rabonsa da masana'antar kaɗai ba ne, rabonsa ke nan da kai giya bakinsa. Ta taɓa cin ƙarfinsa, ta raba shi da aiki, ta kusa raba shi da ’yarsa, da ƙyar ya bari. Ni ina ganin tsoho yana shan shayi kofi goma a rana, na ɗauka haka tsofaffinsu suke.

Ran Asabar ya fito da kwat da hula, har da goge takalmi. Mu goma sha biyu ne a rukunin, yawanci masu yawon buɗe ido, wata mata ma'aikaciyar wurin tana gaba tana bayani. Wurin farko da aka kai mu wani dogon ɗaki ne mai daɓen siminti, an shimfiɗa jiƙaƙƙen sha'ir daga bango zuwa bango, duk ya fito da ’yan fararen saiwoyi. Ƙamshin ne ya fara tsayar da ni. Na durƙusa na ɗebo a hannu, ban san lokacin da na ce da Hausa, “Ai tsiro ne!” ba.

Baba ya ce me na ce? Na ce masa mahaifiyata haka take yi in za ta dama kunun zaƙi mai yawa. Ta jiƙa dawa ta kwana, ta baza a kan buhu a ɗaki, ta rufa da wani jiƙaƙƙen buhun, tana yayyafa ruwa tana juyawa kada ta yi zafi ta ruɓe, sai ta tsiro ta shanya a rana. Tsohon nan ya kama kafaɗata ya ce, “Da hannu take gane zafin, ko? Ta bayan hannu?” Na ce ƙwarai kuwa. Ya juya wajen matar da ke mana bayani ya ce, “Kin ji? Mahaifiyarsa ta san aikin nan, ba ta buƙatar na'urarku.” Ya ɗauki wani faffaɗan shebur na katako da aka jingine don ado, ya cusa, ya watsa hatsin ya bazu daidai wa daida, babu tudu babu rami. Nan matar ta gane tsohon ma'aikaci ne. Ta sanar wa kowa, aka tafa masa, ya cire hula, kunnuwansa suka yi ja.

Sauran zagayen ban riƙe da yawa ba. Na tuna wasu manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, da wani sito mai sanyi cike da gangunan katako, warin ciki har hawa kai yake. Na lura a siton Baba ya daina magana, ya zuba hannuwansa a aljihun kwat, ya matso kusa da ni har kafaɗarmu na gogayya. Na ɗauka sanyi yake ji.

Daga nan aka shigar da mu ɗakin ɗanɗano, dogon tebur da kujeru. Kafin a kawo komai matar ta ce, “Akwai wanda ba ya sha? Muna da ruwan tuffa, ku ɗaga hannu kawai.”

Baba ya juyo ya kalle ni. Ni ma na kalle shi.

Ga lissafin da na yi a raina, kuma a lokacin gani nake na yi hankali. Mutumin nan shi ya biya tikiti, gidansa ne na shekara talatin da ɗaya, yanzun nan aka tafa masa. In na ɗaga hannu a gaban jama'a na ce ba na son abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi, ai na watsa masa ƙasa a ido. A wajenmu ba a mayar da hannun kyauta a bainar jama'a. Ni ba na cin goro, amma ban taɓa zuwa ɗaurin aure na ce ba na ci ba. Karɓa nake da hannu biyu in yi godiya, in miƙa wa dattijon da ke kusa da ni, shi ya ji daɗi, mai rabo ma bai ji kunya ba. Don haka na sunkuyar da kai na yi shiru. Ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan shi ma ya mayar da kansa gaba. Babu hannun da ya tashi.

Aka ajiye wa kowa ɗan faranti na katako da ƙananan kofunan gilashi uku. Na karɓi nawa da hannu biyu, na yi godiya, na tura shi a hankali gaban Baba, har da ɗan rusunawa. Na ce, “Baba, ga nawa, ƙara da shi.”

Teburin ya ɗauki dariya. Wani ƙato daga can ƙarshe ya ce ai daidai ne, gwani ya kamata a ba ninki biyu. Matar ta ce tunda yau suna da mai gida a tebur, shi zai fara ya faɗa musu wanne ya fi. Idon kowa a kansa, ga kofuna shida a gabansa. Ya fito da hannunsa daga aljihu. Ya ɗaga na farko ya daɗe yana shinshinawa ido a rufe. Sannan ya sha. Kafin a tashi duk shidan babu komai a ciki.

Abin da ya fi ci min rai har gobe shi ne, ranar ce na fi farin ciki a duk zamana a ƙasar. A motar komawa Baba ya yi ta waƙa, ya rataya hannu a wuyana, yana gaya wa fasinjoji ni ɗansa ne daga Afirka kuma mahaifiyata ta fi injiniyoyinsu sanin hatsi. Ni kuwa baki har kunne, ina yaba wa kaina cewa na fita kunyar dattijo kuma ban sha ko ɗigo ba. Da muka sauka ya ce in wuce gida, zai tsaya kanti.

Washegari ƙarfe huɗu na ƙwanƙwasa, shiru. Litinin ma haka, labule a sauke. Talata na ji motsi a ciki da ƙarar faɗuwar wani abu, na kira “Baba!” ta ramin jefa wasiƙa na jikin ƙofa, ba a amsa ba. Na koma ɗaki ina ta bin maganganuna ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na yi masa laifi, kuma wallahi ko sau ɗaya hankalina bai kai kan kofunan nan ba.

Ran Alhamis da rana wata mata ta buga min ƙofa, da ganinta ka ga Baba, ’yarsa ce. Ba ta ɗaga murya ba, na ma fi son da ta ɗaga. Ta ce, “Kai ne maƙwabcin da ba ya sha?” Na ce ni ne. Ta ce, “Ya kira ni kafin ku tafi. Na hana shi zuwa, ya ce kada in damu, da wanda ba ya sha zai je, in an zo wajen ɗanɗano tare za ku ƙi. Me ya faru?”

Na buɗe baki in yi mata bayanin goro da ɗaurin aure, sai na ji yadda zancen zai fito, na rufe. Na ce mata ni na tura masa nawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta gode da na faɗi gaskiya, ta juya. Da yammar ta tafi da shi wani asibiti da ake kula da masu irin wannan lalura.

Sati biyar gidan na rufe. Na koma cin abinci a tsaye a gaban taga. Ƙarfe huɗu in ta yi sai in rasa inda zan sa kaina, wani lokaci in fita in yi ta tafiya cikin ruwan sama har takalmina ya jiƙe. Matata ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Wa zan gaya wa? In ce na je gidan giya, na ɗauki giya da hannuna na ba wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana gudunta?

Ranar da na ga labulensa a ɗage, sai da na kai ƙofar sau biyu ina dawowa. Da ya buɗe ya rame, kwat ɗin gida na reto a jikinsa. Na cire takalmi a waje duk da jiƙar ƙasa, na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda zan yi wa mahaifina, na ce ya yafe min. Ya ce, “Tashi, saurayi, maƙwabta za su ɗauka aurena kake nema.”

A kicin ya ɗora ruwan zafi, muka zauna har ya tafasa. Sannan ya ce, “Ba kai ka ɗaga kofin ba, ni ne. Kuma laifina ne da ban gaya maka ba, kunya na ji. Amma ka san abin da na tsara? A wurin nan, a gaban tukwanen nan, ba zan iya zama na farkon cewa ba na sha ba. Na sani. Shi ya sa na ce in tafi da kai, kai ka ɗaga hannu, ni kuma in ce, ni ma haka. Kalma uku kawai na tanada. Tun a mota nake maimaita su.”

Na ce, “Baba, don kada in kunyata ka na yi shiru.”

Ya ce, “Na gane daga baya. Kowannenmu ya zauna yana kare mutuncin ɗan'uwansa.” Ya tura min kofin shayi, ya ce, “Yau kwana talatin da shida. Sa sukarinka.”

Muka ci gaba da shayinmu har na gama kwas, amma ban ƙara jin waƙa a bakinsa ba. Bayan na dawo Gumel, duk Lahadi sai saƙonsa ya shigo, ba komai a ciki sai adadin kwanakin da ya yi bai sha ba. Ni kuma in mayar masa da gaisuwa cikakkiya, har da gajiya. Ya taɓa ce min shi ba ya waiwayen shekarun da suka zube. Ni ne nake waiwayensu. Duk lambar da ya turo sai na auna ta da shekara goma sha huɗu in ga saura nawa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. An tarbiyyantar da mu da kara, kuma ina son ta, da ita muke zaune lafiya. Amma ban taɓa tunanin a'a ɗina zai iya zama abin da wani yake jira ya jingina da shi ba. Yanzu in aka miƙo min abin da ba na so, ko aka kawo takardar da bai kamata in sa hannu ba, da baki nake cewa a'a, yadda na kusa da ni zai ji. A ofis har ana cewa Turai ta ɓata ni, ni kuma ba na musu.

Shekara uku da ’yan watanni muka yi a haka. Wata Alhamis ina Maigatari duba wani siton riɗi, manyan motoci sun toshe hanya, ’yan acaɓa na ta hon, sai saƙo ya shigo daga lambarsa. ’Yarsa ce. Ta ce ya rasu ran Talata, ciwon zuciya, kuma tana so in sani bai sake komawa wa giya ba har ƙarshe. Na tsaya da waya a hannu a tsakiyar kasuwa. Na duba hagu da dama, duk fuskokin da na sani ne, kuma babu ko ɗaya da zan iya ce wa an yi min rasuwa. Ba zaman makoki, ba tabarma a ƙofar gida, ba wanda zai zo ya dafa ni.

Ban koma ofis ba, Ɗanzomo na wuce. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ba ta labarin tun daga farko, ban ɓoye masana'antar ba, ban ɓoye kofunan ba. Da na zo wurin ta ɗago ta ce, “Kai da hannunka?” Na ce ni da hannuna. Ta ce, “Amma ka yi wauta.” Na ce na sani, Inna.

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na ɗauka ta gama magana. Can ta ce, “Wata tara yana ba ka shayi?” Na ce kusan kullum. Ta ture farantin gefe, ta kakkaɓe hannu, ta gyara mayafinta ta juyo ta fuskance ni sosai, kamar yadda take yi in ta shiga gidan rasuwa.

Ta ce, “To, ya haƙuri?”

Na san amsar tun ina yaro, na ba da ita sau ɗari a gidajen mutane. Ranar kasa fitowa ta yi.